Kafin Ka Sake Harhaɗa Kanel Saboda AppleTalk

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, kana da tsohuwar Macintosh mai System 7 da har yanzu ake aiki da ita, kana so ta ga kwamfutarka ta Linux a cikin Chooser, wato tagar da Macintosh ke nuna na'urorin da ke kan hanyar sadarwa, don ku riƙa musayar fayil, kuma an ce maka dole sai ka sake harhaɗa kanel, wato ka sake gina zuciyar Linux daga lambobinta, ka saka AppleTalk, tsohuwar ƙa'idar sadarwa ta Apple, a ciki. Na daɗe ina haɗa irin waɗannan tsofaffin injina da Linux, kuma shawarata ita ce ka dakata da maganar harhaɗawa tukuna. Sau da yawa abin yana nan a kwamfutar, ba a dai tashe shi ba ne.

Fara da tambayar kanel ɗin da kake kai. A taminal rubuta grep ATALK /boot/config-$(uname -r). In ka ga CONFIG_ATALK=m, to an riga an gina shi a matsayin mojul, wato ɓangaren kanel da ake ɗorawa daban, sai ka ce sudo modprobe appletalk, ka duba da lsmod. In ya tashi, za ka ga kundin /proc/net/atalk ya bayyana, da fayilolin interface da route da arp a ciki. Wani lokaci saitin yana nuna m amma modprobe ya ce bai samu ba. Wannan ba matsalar kanel ba ce, an ware mojul ɗin ne a wani kunshi daban, kamar linux-modules-extra a Ubuntu ko kernel-modules-extra a Fedora. Ka kuma leƙa /etc/modprobe.d ko an hana shi tashi, da sunan appletalk ko net-pf-5, domin lamba 5 ita ce ta AppleTalk a jerin ƙa'idojin sadarwa na Linux.

Sai in ka ga an rubuta "is not set" ne harhaɗawa ta zama dole. A nan ma kada ka fara saiti daga tushe. Kwafi saitin da ke aiki yanzu daga /boot zuwa .config a cikin kundin lambobin kanel, ka yi make olddefconfig, sannan make menuconfig. Ka shiga Networking support, sai Networking options, ka nemo Appletalk protocol support ka danna M. Na fi son M (mojul) a kan Y (gina shi a cikin kanel ɗin kansa) saboda dalili ɗaya mai ƙarfi: tsohuwar lamba ce wadda masu kula da ita kaɗan ne, an kuma sha gano ramukan tsaro a cikinta, don haka gara ta zama abin da za ka ɗora lokacin buƙata ka sauke in ka gama. In Debian ko danginta kake amfani da su, make bindeb-pkg zai ba ka kunshin da za ka iya cirewa cikin sauƙi. Kada ka goge tsohon kanel daga GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa lokacin kunna kwamfuta. Kuma in Secure Boot yana kunne, zai ƙi kanel ko mojul da ba a sa wa hannu ba, mutane da yawa a nan suke maƙalewa su zaci harhaɗawar ce ta lalace.

Yanzu ga inda na fi so ka natsu. Kanel ba ya yin komai sai ɗaukar fakitin DDP, wato guntayen saƙon AppleTalk, ya miƙa. Ba shi ke sanar da sunan kwamfutarka ba, ba shi ke raba fayil ba. Wannan aikin Netatalk ne, wato manhajar da ke raba fayil tsakanin Linux da Macintosh, kuma sigar da ka saka ita ce kan gaba a dalilan da ke sa Chooser ya zauna wayam. Netatalk 3, wanda ya fito a 2012, ya cire AppleTalk gaba ɗaya ya bar AFP, wato ƙa'idar raba fayil ta Apple, ta kan TCP/IP kawai. Sigar 2 tana da shi, sigar 4 ta 2024 kuma ta dawo da shi. To in nau'in Linux ɗinka sigar 3 ya ba ka, ko ka harhaɗa kanel sau nawa ba abin da zai bayyana. Ka duba ko kana da atalkd, ɓangaren Netatalk mai kula da AppleTalk. In babu shi, ka san inda matsalar take.

In yana nan, saka sunan katin sadarwarka a atalkd.conf, misali eth0 ko enp3s0, ka tashe shi kafin afpd, ɓangaren da ke raba fayil. Ka ba shi lokaci, yakan ɗauki kusan minti guda yana neman rauta, wato na'urar da ke haɗa sassan sadarwa, yana gwada adireshi ta hanyar AARP don kada ya ɗauki na wani. In babu rautar AppleTalk a wurin, zai zaɓi lamba tsakanin 65280 da 65534, kuma hakan daidai ne, Macintosh ɗin ma a nan za ta zauna. Kada ka yi mamaki in ka ga ya sake rubuta fayil ɗin saitin da kansa, halinsa ne. Daga nan rubuta nbplkup, umarnin da ke lissafa sunayen na'urorin AppleTalk da ake gani. In ka ga sunan kwamfutarka da na Macintosh ɗin, to hanya ta buɗe. In naka kaɗai ka gani, matsalar tana kan waya, wato kebul da na'urorin da ke tsakaninsu.

Maganar waya kuwa, AppleTalk ba IP ba ce, saboda haka ping ba zai gaya maka komai ba, rautar gida kuma ba za ta tsallakar da ita daga wani sashe zuwa wani ba. EtherTalk Phase 2, wato AppleTalk ta kan Ethernet, tana aika kiran neman juna ne zuwa adireshin 09:00:07:FF:FF:FF, kuma na'urorin Wi-Fi da yawa sukan zubar da irin wannan fakiti. Ka haɗa su biyun da kebul a kan swici ɗaya, mafi sauƙin da kake da shi. In Linux ɗin a cikin kwamfutar kwaikwayo (virtual machine) yake, saitin sadarwarta na NAT ba zai yi ba, sai gada kai tsaye zuwa katin kebul. Sannan ka tabbata Macintosh ɗin Ethernet aka zaɓa mata a Network ko AppleTalk na Control Panels, domin ta kan koma kan tashar firinta, wato LocalTalk mai gudun kilobit 230.4 a daƙiƙa, in ta tashi ba ta ji kebul ba. In kuma ba ta da Ethernet sam, sai ka nemo na'urar gada tsakanin LocalTalk da Ethernet.

Akwai tambayar da ya kamata ka yi wa kanka. In injin zai iya ɗaukar manhajojin sadarwa na Apple, wato Open Transport da AppleShare 3.7 ko sama, zai iya shiga saba (server), wato kwamfutarka ta Linux, ta adireshin IP a tasha 548, ba ruwanka da kanel. AppleTalk tana zama dole ne ga tsofaffin System da ba su kai nan ba, ko firinta irin LaserWriter ta farko.

Ko ta wace hanya ka bi, kada ka haɗa wannan saitin da intanet. Tsofaffin Macintosh kalmar sirri mai harafi 8 suke iya aikawa, wani lokaci ma a fili ba ɓoyewa. Ka kuma adana kwafin kanel ɗin da ya yi maka aiki tare da .config ɗinsa, domin ana cire irin waɗannan tsofaffin ƙa'idojin sadarwa: an cire IPX daga Linux a siga 4.18 a 2018, DECnet ta bi baya a 6.1 a 2022, Apple da kanta ta bar AppleTalk tun Mac OS X 10.6 a 2009.

Turo mana abin da grep ɗin farko ya nuna, da sigar Netatalk ɗinka, da sakamakon nbplkup, sai mu ga inda ya tsaya.