Na Yi Istihara Amma Gabana Na Faɗuwa: Shin In Fasa Tafiya Koyarwa Uganda?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin lissafi ne a Zariya, na samu aikin koyarwa na shekara biyu a Uganda, saura kwana tara in tashi. Na yi istihara sau uku, amma barci ya ƙaurace mini. Ko alama ce ta in fasa? Ina da mata da 'ya'ya uku, kuma ana bina bashi.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Faɗuwar gaba ba ita ce amsar istihara ba. Hadisin Jabir da Bukhari ya ruwaito bai ce a jira mafarki ko wani yanayin zuciya ba. Abin da ka roƙa shi ne, in alheri ne Allah Ya sauƙaƙe, in sharri ne Ya kawar. Biza ta fito, tikiti na hannu, to wannan sauƙaƙewa ce. Duk mai barin gida sai ya ji haka, kuma fasa tafiya don an ɗauki tsoro alamar rashin sa'a ya yi kama da camfin da Annabi (SAW) ya hana.

Abin da zai iya tsare ka a shari'a haƙƙin mutane ne. Bashin da wa'adinsa ya yi, kuma kana da halin biya, mai shi na da ikon hana ka tafiya har ka biya ko ya yarda. Wanda wa'adinsa zai cika kana can, ka naɗa wakili ko mai lamuni. A rubuta adadi da rana, da shaidu biyu, bisa aya ta 282 a Suratul Baƙara. Ka rubuta wasiyya ma, domin hadisin Ibn Umar bai yarda mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba ta a rubuce ba.

Batun uwargida ya fi nauyi, kuma nan mutanenmu ke sakaci. An ruwaito Sayyidina Umar ya iyakance wa mayaƙa wata shida nesa da iyali, shekara biyu kuwa ta ninka haka huɗu. Ka nemi yardarta a fili, ba ta bakin gwaggo ba, ka duba takardar aiki ko da hutun zuwa gida. Albashin farko yakan makara kafin a buɗe asusu, saboda haka ka bar mata hatsi, kuɗin cefane da na makaranta na aƙalla wata uku a hannunta.

Ga sallah, Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce tafiyar ƙasaru mil 48 ce, wajen kilomita 80, kuma Zariya zuwa Abuja ta zarce haka. Ka fara ƙasaru in ka wuce gidajen gari, ba tun a zaure ba. Da ka sauka garin aikinka da niyyar zaman kwana huɗu cikakku, wato salloli ashirin, sai ka cika. Akwai masu ba da sauƙin ƙasaru tsawon zama, amma ba shi muke ba da fatawa a kai ba.

Daren ƙarshe ka haɗa fasfo, katin rigakafin cutar shawara da takardun shaidarka na asali a jakar hannu, kada su bi akwatin da ka iya ɓata wajen sauya jirgi a Addis Ababa. Ka sallami iyaye da kanka, ka ce wa iyali: "Astaudi'ukumul Lahal lazi la tadi'u wada'i'uhu," wato na bar ku amana wurin Allah, wanda amanar da aka ba Shi ba ta tozarta.

Wallahu a'alam.