Amsoshin tambayoyinku: burauzar da ke cika fom da kanta

Tambaya: Wani ya ce in ba shi dubu biyar ya sa mini manhajar da ke cika fom da kanta. In biya? — Matashi, Ƙofar Marusa

Dubu biyar a kan abin da ke cikin wayarka kyauta? Buɗe Chrome, wato burauzar da kake shiga intanet da ita, taɓa ɗigo ukun nan na sama, shiga Settings, nemi "Addresses and more", ka zuba sunanka da lambarka sau ɗaya. Kuɗin kuma ka sayi data.

Tambaya: Na taɓa rubuta imel ɗina da kuskure, kullum shi ke fitowa. — Ɗaliba, Dutsin-Ma

A kwamfuta, sauko kansa da maɓallin kibiya, ki danna Shift da Delete tare. A waya ki ɗora yatsa a kansa ki riƙe, za a tambaye ki ko a goge.

Tambaya: An cika wa 'yata fom ɗin makaranta a kafe, da muka duba takardar sai ga lambar wayar wani. Na kasa barci. — Wata uwa, Daura

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba asiri ba ne, ba kuma laifin yarinyar ba. Burauza tana riƙe abin da aka rubuta a baya. Mai kafe ya buga 0803, lambar wanda ya riga ku ta faɗo, ya danna cikin sauri don layi ya yi tsawo. Ku koma da takardar yau, kafin makaranta ta rufe shafin cika fom, a nemi gyara, domin saƙon makaranta can zai riƙa tafiya.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ɗaya gefen: in lambar wani ta fito muku, taku ma za ta fito wa na bayanku. Mutum zai ɓoye katin ATM a ƙasan akwati, sannan ya zauna gaban kwamfutar da kowa ke taɓawa, ta ce "Save password?" ya danna eh bai karanta ba. NIN, BVN, lambar kati, duk a bar su a shagon mutane! A kwamfutar da ba taku ba, amsar kullum a'a ce. Ku sa a buɗe Incognito, wato tagar sirri ta Chrome, da Ctrl, Shift da N. Abin da aka rubuta a fom a nan ba ya zama. In an riga an cika, Ctrl, Shift da Delete, a zaɓi "Autofill form data" da "All time". Kada ku shigar da asusunku na Google cikin Chrome ɗin kafe, don duk kalmomin sirrin da kuka adana za su biyo ku can.

Ko a wayarku, ku yi hattara da shafukan tallafin bogi da ke yawo a WhatsApp. Wasu na ɓoye gurabe: suna kawai kake gani, burauza ta cika har adireshi da lamba a ɓoye. Shafin da ba ku sani ba, ku rubuta da hannu. Kafin a danna turawa kuma, mai fom ya karanta kowane layi da idonsa, ko da mai kafe na tsaki.