Likita, hoton zuciya zai nuna kwanakin da suka rage wa Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, shekararsa 58, kuma ya kai shekara goma yana fama da ciwon suga. A daminar bana, da ya yi noman kunya biyu sai haki ya tsayar da shi, amma ƙirjinsa ba ya ciwo. An ce mu kai shi Kano a wahalar da zuciyar sannan a ɗau hotonta. Maƙwabcinmu ya ce gwajin yana faɗin shekarun da suka rage wa mutum, shi ya sa Baba ya ce ba za shi ba.
Daga wata mai karatu, Ringim

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki faɗa wa Baba cikin ladabi cewa ajali yana hannun Allah, babu na'urar da ke karanta shi. Gwajin yana duba ko jini na isar tsokar zuciya lokacin da aiki ya yi mata yawa. Za a sa shi tafiya a kan bel mai juyawa, ko a yi masa allurar dobutamine in gwiwa ta hana, har bugun ya kai kashi 85 cikin 100 na iyakarsa, wato wajen 138 a minti ga mai shekarunsa. Sai a leƙa da sikanin irin na masu juna biyu. Bangon zuciyar da jijiyarsa ta jini ta tsuke zai yi sanyin motsi.

Maƙwabcin bai rasa ƙamshin gaskiya ba. Mai suga da aka ga sassa da yawa na zuciyarsa sun gaza a gwajin ya fi fuskantar bugun zuciya da mutuwa a shekarun gaba, shi ya sa ake ƙara masa magani ko a buɗe jijiyar. Wanda nasa ya fito lafiya kuwa hatsarinsa kaɗan ne, sai dai ga mai suga wannan tabbacin ba ya daɗewa kamar na sauran mutane.

Rashin ciwon ƙirjin nan ne ya fi damuna. Suga yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, sai zuciya ta galabaita mai ita bai ji komai ba. A binciken DIAD da aka yi a Amurka da Kanada kan masu suga 1,123 marasa wata alama, kashi 22 cikin 100 na waɗanda aka yi wa hoton an same su da ƙarancin jini a zuciya. Amma sakamakon 2009 ya nuna yi wa kowa gwajin bai rage bugun zuciya ba, don haka ba na tura lafiyayyen mai suga ya kashe kuɗinsa a banza. Baba ba ya cikin wannan sahun, haki a gona alama ce. Ku kai shi.

A fara da awon jini, domin ƙarancin jini ma yana sa haki. Ku tafi da kwalayen magungunansa duka, ku tambaya wanne zai dakatar. In adenosine za a yi amfani da shi, wato wata allurar da ake yi a madadin dobutamine, sai ya haƙura da goro da shayi na kwana guda, kuma na san a nan za a yi rigima. Kafin ranar, a bar wa samari noman.