Tambayoyinku kan fasaha: wayata na suma a cikin akori-kura, laifin waya ne ko na mota?

Assalamu alaikum jama'a, ya muka ji da zafi? Tunda watan Maris ya kama kusan duk saƙon da zai shigo min kuka ɗaya ne, waya na zafi, batir na zuƙewa, caji ya ƙi hawa. Na ɗauko guda uku a wannan makon amma ta farko ce ta cinye filin, don sai da ta ja ni har garejin bakanike.

Tambaya daga wani ƙaninmu direba a Kumo: Salam malam dan Allah a taimaka min. Ina jan tsohuwar 504 din babanmu akori kura, ina dauko masara daga wajenmu in kawo Tudun Hatsi cikin Gombe. Matsalar duk sanda na jona wayata a caji cikin motar kafin mu kai rabin hanya sai tayi zafi kamar an ciro ta daga kasko, cajin ya tsaya, wani lokacin ma ta mutu gaba daya. Na canza caja har biyu, na kai an sa sabon batir duk a banza, kuma a gida lafiya lau take. Ita ma motar gaskiya zafi take hurowa ta wajen kafa har silifas dina laushi yake yi. Wayar ce ta lalace in sayar in huta?

Wa'alaikumussalam ƙanena. Kar ka sayar, wayarka lafiyarta ƙalau, ai kai da bakinka ka faɗi amsar, a gida ba ta yi sai a mota. Abin da kake kira mutuwa kare kanta take yi. Kowace wayar zamani akwai ɗan ma'aunin zafi a jikin batirinta, in ya ga abin ya wuce kima sai ta fara rage hasken sikirin, ta rage gudu, ta tsayar da caji, in duk wannan bai yi ba ta kashe kanta. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPhone a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, sauran wayoyin ma kusan nan suke, shi kuma batirin litiyam ba a son yi masa caji in ya haura digiri 45. To ka duba, mu a Gombe a wannan watan iskar gari kawai tana kaiwa 40 da rana, ka ɗora zafin inji a kai, ka ɗora na caji, wataƙila ma data a kunne kana sauraron karatu ko waƙa, ga sabis na ɗaukewa yana dawowa a hanya wayar na ta faman nema, shi ma zafi ne. Ina laifin baiwar Allah?

Kuɗin sabon batirin nan dai ya riga ya tafi, Allah ya mayar da alheri. Amma in ba ka gyara motar ba shi ma sabon haka zai bi sahun na da, zafi ne ke tsufar da batir da wuri, watarana ka ga bayan wayar ya ɗago ya kumbura kamar burodi.

Yanzu mu koma kan motar, don ni zancen silifas ɗin nan ya fi damuna. Na taɓa shiga irinta daga Dadin Kowa, gaba aka ba ni don girmamawa, wallahi da na sani da baya na hau kan buhunan. Direban ya shimfiɗa kwalin taliya a ƙasa yana yayyafa masa ruwan leda lokaci lokaci, ni kuma duk hanya ƙafata a ɗage take kamar mai tsoron kunama. Da muka iso na roƙe shi ya ɗaga kwalin, sai ga rami a ƙarfen ƙasan, yatsu uku za su shige, kana hango bututun salansa ta ciki. Shi a wajensa wai haka Fijo take tun fil azal. Ba haka take ba. Motar nan 504 ta fito a Faransa a 1968, masana'antar Peugeot ta Kaduna kuma ta fara haɗa motoci a 1975, kuma duk wadda ta fito sabuwa ta fito ne da robobinta da shimfiɗarta da ke tare zafi, shekaru ne da tsatsa da hannun masu gyara suka cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Hanyar zafin ta farko ramuka ne. Tsakanin inji da inda kake zaune akwai bangon ƙarfe, ta cikinsa ne wayoyin lantarki da wayar totur da ta mita da sandar sitiyari suke ratsawa, kowane rami an toshe shi da roba tun daga kamfani. Robar nan in ta shekara talatin ko arba'in sai ta bushe ta farfashe ta zube, wani lokacin kuma mai wayarin ne zai cire don ya zura sabuwar waya ya manta bai mayar ba. In taka mai giyar ƙasa ce, robar gindin giyar ma babbar ƙofa ce in ta yage. Ga kuma abin da mutane ba sa ganewa, in ka sauke gilashi mota na gudu, iskar da ke wucewa tana janye ta cikin motar zuwa waje, sai motar ta nemi cike gurbin ta duk ramin da ta samu, to ramukan nan su ne mafi kusa, kuma bayansu inji ne. Shi ya sa kake jin kamar ana hura maka wuta a ƙafa, kuma iya gudun da ka ƙara iya hurowar.

Gano ramukan ba sai ka biya kowa ba. Bayan isha ka ajiye motar a wuri mai duhu, inji a kashe, ka buɗe bonet ka kunna tocilar wayarka ka sa wani ya riƙa haska bangon nan daga ɓangaren inji, kai kuma ka kwanta a cikin motar ka leƙa ƙarƙashin dashbod. Duk inda haske ya ɓullo nan zafi ke bi. Ka ɗaga tabarmar ƙasa ma a haska daga ƙarƙashi. Ƙananan ramuka a sa musu sabuwar roba ko a like da gam mai jure zafi, inda tsatsa ta ci kuma sai mai walda ya yi faci.

Na biyu shi ne hita. Motar ƙasar sanyi ce, a bayan dashbod akwai wani ɗan ƙaramin lagireto da ruwan zafin inji ke zagayawa ta cikinsa don ɗumama ciki, ruwan nan kuwa yana kaiwa digiri 80 zuwa 90. Akwai ɗan famfon da ke rufe shi, in ya maƙale a buɗe to kana tafe ne da murhu a gaban gwiwarka ko da ba ka kunna komai ba. Ka duba tiyo guda biyu da suka fito daga inji suka shige bangon nan, in inji ya ɗau zafi ka taɓa a hankali, in duka biyun sun yi zau to ruwan na zagayawa. Bakanike zai iya cire su ya haɗa bakinsu da juna a waje, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Ni dai da tawa ce famfo zan sa a saka maimakon a kashe hitar gaba ɗaya, don sanyin Disamba da asuba a hanyar Kumo ba wasa ba ne.

Na uku kuma wanda nake so ka fara da shi gobe goben nan, salansa. Bakinta na wajen inji yakan haura digiri 400 in mota ta ɗau kaya tana hawa tudu, kuma bututun ta ƙarƙashin ƙafarka yake bi. Akwai faranti na ƙarfe da ake sawa tsakaninsa da ƙasan mota, da yawa an yar da shi tuntuni, wani kuma an yi waldar salansar ne ta matso sama har tana kusan taɓa ƙarfen. A mayar da farantin, a bar tazara ko ta yatsu biyu ce iska ta riƙa ratsawa. Daga ciki sai ka shimfiɗa irin abin tare zafin nan mai fuskar alminiyam, ka mai da tabarma a kai. Kar ka kuskura ka cusa soson katifa ko tsumma ko kwali kusa da salansa, gobara ce kake kira, ga buhunan masara a baya.

Dalilin da na ce ka fara da ita, in gaskit ɗin salansar ya ƙone ko bututun ya huje, ramin da zafi ke bi shi hayaƙi zai bi. A cikin hayaƙin akwai iskar nan kabon monoksaid, ita ce dai ta janareta da muke jin ta hallaka mutane cikin ɗaki suna barci, ba ta da wari ba ta da launi. In kana sauka daga motar da ciwon kai, ko jiri, ko wani barci na fisgarka a kan sitiyari da rana tsaka, kar ka ce gajiya ce ko yunwa. Ka tambayi Baba ma ko yana jin haka lokacin da yake janta.

Kafin a gama gyaran ga dabarar wayar. Ka ɗauke ta daga ɗan akwatin nan na kusa da giya, ka kuma daina ɗora ta kan dashbod rana na dukanta ta gilashi, aljihun gaban riga ya fi duka biyun. Ka cire mata robar baya in za ka yi caji, ka cika ta a gida da dare in an samu wuta, a mota kuma in dole ne to da sassafe kafin gari ya ɗau zafi. Cajar mota aikinta ta sauke ƙarfin wutar batir daga volt 12 zuwa 5, ta arha ita kanta zafi take yi, mai saurin cajin nan kuma ta fi dafa waya. Ka sa mai wayarin ya auna wutar da mita inji na aiki, daidai shi ne wajen 14, in ya ga tana haura 15 to altaneta, wato na'urar da ke cajin batirin motar, na ba da wuta fiye da kima. Ka sauke manhajar AccuBattery ko CPU-Z, za su nuna maka zafin batir da lamba, in ka ga 43 ko 44 ka zare cajin kawai.

Tambaya ta biyu daga Jekadafari: Oga naga ana tallan wata yar na'ura a intanet da ake jonawa a mota ta nuna zafin inji da duk matsalarta a waya, zata yi a tsohuwar pickup dina ta shekarun 80?

Ba za ta yi ba yallaɓai, riƙe kuɗinka. Na'urar da wata kafa take aiki mai suna OBD2, wadda aka wajabta wa motoci a Amurka daga 1996, tana magana ne da kwamfutar mota ta turo wa waya ta Bluetooth. Taka mai kafireto ce, babu kwamfutar balle kafar. Abin da zai maka amfani shi ne ma'aunin zafin nan mai kama da bindiga, amma na masu aikin inji, irin wanda aka riƙa ɗora mana a goshi a 2020 an yi shi ne don jikin mutum. Da shi za ka haska ƙasan mota da tiyo da lagireto ka ga lamba, kai da mai tambayar farko duk zai muku aiki.

Ta ƙarshe daga wata 'yar uwa a Pantami: Malam maigidana yakan bar laptop da waya a mota in ya shiga kasuwa, in ya dawo sunyi zafi sai ya ce in saka wayar a firij ta huce, hakan yayi?

A'a Hajiya, ki ba shi haƙuri ki ce ni na hana. In abu mai zafi ya shiga sanyi farat ɗaya raɓa ce ke taruwa a cikinsa, kamar yadda kike ganin gorar ruwan sanyi na gumi, to wannan gumin a kan injin wayar zai sauka, yau ba komai gobe ba komai, watarana sai dai a ji ta ƙi kawo wuta ko caji ya daina shiga. Ki kashe ta, ki cire robar bayan, ki ajiye ta kan siminti ko tayil a inuwa ko gaban fanka, kamar minti 15 ya isa. Kwamfutar ma kar a kunna ta sai ta huce, kar kuma a jona ta a wuta tana da zafi. Motar da aka rufe gilasanta a rana cikinta na iya haura digiri 60, don haka in zai shiga kasuwa ya rataya jakar a kafaɗa ya shiga da ita, in kuma akwai fawa banki a cikin jakar to shi ne ma na farkon da bai kamata a bari a motar ba.