Amsa ga ƙanina mai tahowa Lisbon, kan maganar yawon Sintra

Ƙanina salamu alaikum, na ga saƙonka tun shekaranjiya aiki ne ya riƙe ni. Ka ce admishan ɗinka ya fito a Lisbon ta ƙasar Portugal, Allah ya sanya alheri, kuma ka ga hoton wata fada mai launin ja da ruwan ɗorawa a kan dutse a Facebook, kana tambaya wai ka ware kuɗi ka biya masu kai mutane yawon kwana ɗaya da ɗan jagora tun satin farko ko ka bari.

Gaskiya ni shawarata ka bari tukun. Wurin ya cancanci a je, wannan babu ja, sunanta fadar Pena a garin Sintra, Sarki Fernando na biyu ne ya sayi kangon wani tsohon gidan ibadar kiristoci a 1838 ya gina ta a kai, kuma UNESCO ta saka yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. Amma satinka na farko ba na yawo bane, lambar haraji da suke cewa NIF zaka nema, ka buɗe akawun na banki, ga rajistar makaranta ga uwa uba ɗaki, haya a Lisbon tana cin mutum sosai kuma masu gida sukan nemi kuɗin ajiya kafin su baka makulli. Kuɗin da zaka ba masu yawon nan zai iya ciyar da kai kwanaki.

Ni na bi irin wannan tafiyar sau ɗaya lokacin da wani baƙo ya zo min. Sun ɗauke mu da safe a ƙaramar bas mu takwas, ɗan jagoran yana da kirki kuma ya san tarihi, ta nan kam na ƙaru, amma komai a gurguje ne, Pena awa ɗaya da 'yan mintuna, a tsaya a gaɓar tekun Cabo da Roca a ɗauki hoto a koma mota, a sauke ku garin Cascais, su Kashkaish suke faɗa, kafin ka gama kallon teku an ce lokaci yayi. Azahar da la'asar sai haɗa su nayi a gefen wani lambu.

Abinda yasa nace ka jira, in ka yi katin sufuri na Navegante na wata, na yuro 40 ɗin, jirgin ƙasa daga tashar Rossio ta cikin Lisbon zuwa Sintra yana ciki, minti 40 ne kawai, haka na Cascais zuwa tashar Cais do Sodré a Lisbon. Kuma inaga ma a kan layin Sintra ɗin zaka samu ɗaki, Amadora, Queluz, Cacém, nan 'yan uwanmu 'yan Afirka suka fi yawa, 'yan Gini Bisau da Kef Bade da Angola, kaga jirgin da zai kai ka makaranta kullum shi ne zai kai ka Sintra in ka juya baya. Daga tashar Sintra bas mai lamba 434 ce ke hawa dutsen. Tikitin shiga cikin Pena da lokaci a jikinsa, ka saya ta intanet kafin ranar, in ka makara shikenan.

In ka je don Allah kada ka tsaya a Pena kaɗai. Kusa da ita akwai ganuwar da suke kira Castelo dos Mouros, musulmi ne suka gina ta wajen ƙarni na 8 zuwa na 9 lokacin Andalus, ta fita hannunsu a 1147 shekarar da Afonso Henriques, sarkin Portugal na farko, ya ci Lisbon. Masu yawon namu daga mota kawai suka nuna mana ita. Da na koma ni kaɗai cikin watan Nuwamba, hazo ya rufe ko'ina, matakalar dutsen duk a jiƙe ga gansakuka a jiki, na dafa bangon sanyi ya ratsa tafin hannuna, can iska ta yaye hazon sai ga garin a ƙasa da dogayen bututun hayaƙi guda biyu farare na tsohuwar fadar cikin gari, ga teku can nesa. Wallahi na fi awa a zaune ina tunanin an taɓa kiran sallah a kan wannan dutsen, jikina yayi sanyi sosai.

Cabo da Roca kuma nan ne ƙarshen ƙasar Turai ta yamma, gaɓar tana da tsayin kusan mita 140, iskar wurin ba wasa, ka riƙe rigar sanyi ko da rani ne kuma kada ka tsallaka katakon da suka kange. Abinci ka tsaya kan kifi, a Cascais gasasshen sadin zaka samu, kayan fulawa kuma ka tambaya ko da banha a ciki, kitsen alade kenan.

Ka turo min ranar da jirginka zai sauka. Juma'ar farko mu haɗu a babban masallacin Lisbon kusa da Praça de Espanha, in ka natsu ka samu ɗaki sai mu sa wata Asabar mu hau tare in sha Allah. Ka gaida su Mama.