Hoton zoben taurari: yadda muke ɗauka a Ingila, da inda na Kano zai bambanta

Ƙanena, ka tambaya ko hotunan da mu mazauna Ingila muke turowa gida, waɗanda taurari suka yi zobe-zobe kamar saƙar faifai, haɗin kwamfuta ne. Kwamfuta tana da hannu a ƙarshe, amma layukan na gaske ne. Duniya ce ke juyawa, digiri 15 a kowace awa, kyamara kuma tana kafe wuri ɗaya tana kwasar haske, sai kowane tauraro ya ja layinsa.

A nan abin da ya fi ba mu wuya shi ne samun duhu. Fitilun Landan sun cinye sama, sai 'yan taurari ƙalilan. Don haka masu wannan sana'a cikinmu sukan haɗa kuɗin mai, mutum uku ko huɗu a mota ɗaya, a nufi arewa, wajen dajin Kielder a yankin Northumberland, wanda aka keɓe don kare duhun sama tun 2013, ko Galloway a Sukotland da ya riga shi a 2009. Ba a fita sai an duba abu biyu: wata da gajimare. Ƙarshen wata ko farkonsa ake so, don farin wata yana shafe ƙananan taurari. Daga ƙarshen Mayu zuwa wajen ƙarshen Yuli kuwa ajiye kayan ake yi, domin rana ba ta nutsewa digiri 18 ƙasa da sararin, shafaƙi ba ya gushewa har asuba. Dalilin da ya sa masallatan nan ke ƙaddara lokacin Isha a watannin ke nan.

Kayan ba su da yawa: kyamarar da ake saitawa da hannu, gilashi mai faɗin gani, milimita 14 zuwa 24, mazauni mai ƙafa uku mai nauyi, da rimot mai ƙidayar lokaci. Buɗe ƙofar haske zuwa f/2.8, ko f/4 in nan gilashinka ya tsaya, ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 800, kowane ɗauka daƙiƙa 30, tsakani daƙiƙa ɗaya tak. Awa biyu za ta ba ka hotuna wajen 230 da layi mai digiri 30. Mun daina buɗe kyamara awa guda cur a ɗauka ɗaya, saboda fitilar mota ɗaya in ta haska, aikin dare ya tashi a banza. A gutsuttsura kuwa, ka gyara hoton da ya ɓaci ko ka cire shi. Manhajar StarStaX, wadda kyauta ce, ita ke jera su, tana ɗaukar ɗigon da ya fi haske a kowane hoto.

Inda sababbin hannu ke faɗuwa shi ne fokas, wato saita gilashi har hoto ya fito garau. Kashe na atomatik, nemi tauraro mai haske a allon kyamara, ƙara girmansa sau goma, ka murɗa zoben a hankali har ya koma ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan ka liƙe zoben da salatif. Kada ka yarda da alamar nesa da ke jikin gilashi, sau da yawa ta ɗan goce. Kashe maganin rawar hannu, kashe kuma saitin rage ƙurar hoto na doguwar ɗauka, domin bayan kowace daƙiƙa 30 sai ya ƙara wasu 30 a rufe, layinka ya fito tsinke-tsinke kamar ɗinkin koyo.

Babban abokin gabarmu raɓa ce. Gilashi yana hucewa ya fi iska sanyi, ya yi gumi, hotunan farko garau, na ƙarshe kamar an shafa musu koko. Muna naɗa masa ɗamara mai ɗumi da ake jonawa a fawa bank. Sanyi yana shanye batir, shi ya sa na biyu yake zama a aljihun ciki. Ga jiragen sama da taurarin ɗan'adam na Starlink da ke ratsa hoto, sai an bi ɗaya bayan ɗaya ana gogewa.

Kai a Kano, kada ka sa rai da cikakken faifai irin namu. Tauraron arewa shi ne cibiyar da zobban ke kewayawa, tsayinsa a sama kuma daidai yake da digirin nisan garinka daga layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. A Kielder digiri 55 ne, can sama. A Kano 12 ne, misalin dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ɗori in ka miƙa hannunka, a Agadas 17. Manyan zobban, ƙasa za ta yanke su, su zama baka. Ni a ganina hakan ya fi kyau in ka sa kuka ko rumbu a ƙasan tauraron. In ka fuskanci gabas kuwa, Kaza da 'ya'yanta da maƙwabtanta za su taso kusan a miƙe, digiri 78, alhali namu a kishingiɗe suke tasowa.

Lokacinka shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya wanke sama, hazon hunturu bai sauko ba. In hazo ya zo, ƙasa-ƙasan nan da tauraron arewa yake shi ne farkon ɓacewa. A bazara zafi yana sa hoto ya cika da jajayen ɗigo, sai ka sauke ISO zuwa 400. Fita ta arewacin gari don hasken birni ya koma bayanka, kada ka canza gilashi a fili saboda ƙura, kuma tun da rana ka gaida mai unguwa ka sanar da 'yan sintiri, ka nuna musu kayan.