Amsa ga mai tambayar yadda ake tsara darasi kan jigo ɗaya a gida

Ƙanwata, kin ce yaranki biyu ne, mai shekara bakwai da mai goma, kina koyar da su a gida, kuma kin ji ana ɗaukar jigo ɗaya a ciro karatu da lissafi da tarihi duk daga cikinsa, amma kin rasa ta inda za ki kama da kuma makonni nawa za ki ba shi. Shekara huɗu ke nan ina wannan aiki da nawa uku a nan Sakkwato, bari in faɗa miki yadda ta kaya mini.

Karon farko na ɗauki tarihin Daular Usmaniyya, don ina ganin abin a ƙofar gida yake. Na zauna dare uku na cika littafi da tsarin mako takwas: hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, kafa garin Sakkwato a 1809, rasuwar Shehu a 1817, Nana Asma'u da 'Yan Taru (ƙungiyar karantar da mata da ta kafa), har zuwan Turawa a 1903. Yara suka haddace shekarun kamar karatun aku. Kafin mako na huɗu, da na ɗauko littafin sai hamma ta tashi. A mako na ƙarshe muka je Hubbare, inda kabarin Shehu yake, wai don rufe darasi. Nan ne bakinsu ya buɗe. Me ya sa mutane ke zuwa daga nesa? Ina ganuwar garin take a da? Su wa aka binne kusa da shi? Tambayoyin da na yi wata biyu ina nema ba su fito ba sai ranar da muka gama. Tun daga nan fita ce farkon abin da nake sakawa a kowane tsari, a makon farko.

Wanda ya fi yi mana daɗi shi ne jigon fata, kuma da shi zan kwatanta miki. Babbar sallah ce ta kawo shi. An yanka rago, na tsakiyan ya tsuguna yana kallon baban su yana barbaɗa wa fatar gishiri, ya ce, "Baba, cin ta za a yi?" Na ce a raina, ga darasi ya kawo kansa.

Kafin in rubuta komai sai na yanke abin da nake so in gani a hannun kowane yaro ranar ƙarshe. Babbar za ta yi ɗan littafi mai shafi goma kan tafiyar fata daga jikin dabba zuwa takalmi. Na tsakiya zai ɗinka ƙaramar jaka. Autan, wanda bai kai ga rubutu sosai ba, zane ne nasa da sunayen kaya. Da na san inda za mu sauka, sauran ya zama lissafin hanya kawai. Mako huɗu na ba shi, kuma har yau ban ƙara wuce biyar ba a kowane jigo.

Ranar Alhamis ta farko, da yake babu makarantar allo, muka je majema. Wari kam sai wanda ya je. Babbar ta toshe hanci da gefen hijabi tana hararata. Wani dattijo ya nuna musu ramin da ake jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, da yadda ake kankare ta da wuƙa a kan gungume, sannan ya ɗebo 'ya'yan bagaruwa dakakku ya zuba wa na tsakiyan a tafi ya ce, "Ɗan nan, wagga ita ka hana ta ruɓa." Da muka dawo gida muka jiƙa bagaruwa a kofi biyu, muka jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa a ɗaya. Washegari ruwan ya koma baƙi ƙirin, ɗayan kuwa yana nan ja-ja. Sinadarin da ke cikin bagaruwar ne ke haɗuwa da ƙarfe ya ba da baƙin, kuma shi ne ke kama naman fatar ya hana ta lalacewa. Da ruwan suka yi rubutu a takarda da alƙalamin kara. Kimiyyar makon ke nan, ban sayi komai ba.

Tarihi da labarin ƙasa suka shigo ta kan jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira akuyar Maraɗi. Fatarta ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita ta Kano da Agadas zuwa arewacin Afirka, Turawa suka saye ta a can suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Babbar ta ji haushin wannan ƙwarai, har ta ba shi shafi biyu a littafinta. Muka shimfiɗa taswira, suka bi hanyar da zare. Lissafi kuwa, mun ɗora buzu a kan takardu masu gida-gida muka zana kewayensa, suka ƙirga gidajen don sanin faɗinsa. Rabin gida da rabin gida suka koya musu ɓangaren lamba ba tare da na ambaci sunansa ba. Malamin islamiyyarsu ya ƙara musu da hukuncin fatar layya, cewa mai layya ba ya sayar da ita. Ni ban taɓa wannan fannin ba, na bar wa masu shi.

Sai dai kada ki matsa wa jigo ya ɗauki abin da ba nasa ba. Na taɓa ƙoƙarin cusa doguwar rabawa cikin maganar fata, abin ya zama shirme. Lissafi yana da matakala, ba a tsallake ta. Don haka kullum muna yin minti talatin na lissafi daga littafin ajinsu, da karatun Turanci, kafin a taɓa jigo. Alƙur'ani kuma yana nan a lokacinsa. Ki samo manhajar firamare ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu a Najeriya, duk ƙarshen jigo ki yi wa abin da kuka taɓa alama, ki ga gibin da ya rage. Mai shekara goman nan jarrabawar shiga sakandare na gabanta, masu jarrabawa kuwa ba ruwansu da bagaruwa.

Game da lokaci, kin san garinmu. Daga Maris zuwa Mayu, idan hantsi ya ɗaga babu yaron da zai fahimci komai, ga wuta ba tabbas. Muna farawa bayan karin kumallo, sha ɗaya mun tashi. Tsarin mako nawa bai wuce rabin shafi ba: fita ɗaya ko baƙo ɗaya, aikin hannu ɗaya, abin karantawa, abin rubutawa. Ranar Laraba nakan bar ta fili, saboda baƙi da zazzaɓi da biki ba sa neman izini.

Tazarar shekarun yaranki ba matsala ba ce. Abu ɗaya za su gani, aikin ne zai bambanta: ƙaramin ya faɗa da baki ki rubuta masa, babba ta rubuta da kanta. Idan sallah ta yi miki nisa, ki fara da albasa, ga ta nan jibge a kasuwa, ga masu noman rani a fadamar Rima, kuma ana iya shuka ta a tsohon bokiti a auna tsawonta duk safiya. In kuma fatar kika zaɓa, ki gaya wa maigida tun da wuri kada ya bayar da ita ranar yanka, kuma ranar zuwa majema ki sa wa yara tsofaffin takalma.